Ma'aunin Kyau da Muni: Darasi Daga Tarihin Alƙalawa

Gabatarwa

Kowane Bahaushe ya san abin da ake nufi idan aka ce wane mutumin kirki ne, wane kuwa azzalumi. Wahalar tana zuwa ne in aka tambaya: wa ya aza ma'aunin da aka auna su da shi? Shin kyau da muni tabbatattu ne a kan kansu, ko ra'ayin mutane ne da ke sauyawa daga gari zuwa gari? In tabbatattu ne, sun dogara ga umurnin Allah ne, ko hankali kaɗai na iya gano su? Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a fayyace ra'ayoyin masana, sannan a gwada su da abin da ya wakana a Alƙalawa, tsohon babban birnin Gobir, wanda kufansa ke kusa da Sabon Birni.

Ra'ayoyi Uku

Ra'ayi na farko na cewa al'ada ce ma'auni, wato kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, babu mai ikon ce wa wani ya yi kuskure. Na biyu na Mu'utazilawa ne, malaman Basara da Bagadaza, waɗanda suka ce adalci kyakkyawa ne a zatinsa, zalunci kuma mummuna ne, hankali na iya gane haka ko da manzo bai zo ba. Na uku na Abul Hasan al-Ash'ari ne, wanda ya rasu wajen 935. A wurinsa kyakkyawa shi ne abin da Shari'a ta yi umurni da shi, mummuna kuwa abin da ta hana. Tun kafin su, Aflatun na ƙasar Yunan ya taɓa tambaya ko abu na zama nagari ne don abin bauta ya so shi, ko kuwa ya so shi ne don nagari ne. Aƙidar Ash'ari ce ta yi rinjaye a ƙasar Hausa ta hanyar littattafai irin su Ummul Barahin na Sanusi, a kanta kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake.

Abin da Ya Faru a Gobir

Lokacin da Sarkin Gobir Nafata ya hana kowa wa'azi in ban da Shehu, ya hana ɗa barin addinin da ya gada, ya kuma hana rawani da lulluɓi, hujjarsa gado ce. Wannan ra'ayi na farko ke nan a aikace. Jama'ar Shehu kuwa suka ce akwai doka a bisan sarki da al'ada, shi ya sa a cikin Kitabul Farƙi aka zargi sarakunan Haɓe da karɓar jangali da gaisuwa da sayar da hukunci.

Sai dai a dubi haɗuwar Shehu da Bawa Jan Gwarzo a Magami wajen 1788. Shehu ya ƙi karɓar kyautar Sarki, ya nemi abubuwa biyar, ciki har da a saki 'yan sarƙa, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Ba sai manomin da ke bautar iskoki ya karanta littafi ba kafin ya san ɗacin ƙwace. Shehu kansa, a cikin Bayanu Wujubil Hijra na 1806, ya nuna zalunci ya fi kafirci rushe sarauta. Ashe ke nan ana iya samun adalci a gane shi ko a fadar da ba ta Musulunci ba.

Shin wannan ya rushe maganar Ash'ari? A'a. Mabiyansa na baya, irin su Fakhruddin Razi, sun yarda hankali na gane abin da ke kamala da abin da ke tawaya, da abin da rai ke so ko yake ƙi. Abin da suka ƙi shi ne a ce hankali ke wajabta lada ko azaba a Lahira. Tambayoyin ashe biyu ne: ta tushen kyau, da ta hanyar saninsa.

Bayan Cin Birni

An yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Da ra'ayi na farko gaskiya ne, da sai a ce ƙarfi ya kori ƙarfi, magana ta ƙare. Amma ba ta ƙare ba. Shehu Laminu na Barno ya rubuto yana cewa saɓo ba kafirci ba ne, Muhammadu Bello ya mayar da martani, ya kuma adana muhawarar a cikin Infaƙul Maisuri na 1812. Mutum biyu ba sa jayayya kan awo sai in sun yarda akwai mudu. Har ila yau Abdullahi Ɗanfodiyo ya soki 'yan'uwansa masu jihadi kan son mulki da tara dukiya, har ya bar su ya nufi gabas, ya tsaya Kano. Mai nasara ma ana auna shi, domin ma'aunin ba mallakarsa ba ne.

Kammalawa

Tarihin Gobir bai yanke hukunci tsakanin Ash'ari da Mu'utazilawa ba, don wannan aikin masu ilmin tauhidi da falsafa ne. Abin da ya nuna shi ne, duk masu jayayyar sun ɗauki kyau da muni a matsayin abin da ya fi ƙarfin son zuciya. Lokacin da Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a 1974, kalmomin da ya samu sun haɗa da kunya da gaskiya na Hausa, da amana da adalci da aka aro daga Larabci. Ya kamata ɗalibai su bi tarihin irin waɗannan kalmomi, don a gano wace ce Musulunci ya kawo, wace ce kuma ya tarar ya ƙarfafa.