Yadda Matuƙa Jirgin Sama Ke Kauce wa Karo Lokacin Tashi

Jirgin da mutumin Kakuri ko Barnawa kan hango yana hawa bayan ya bar filin jirgin Kaduna ba gaban kansa yake yi ba. Jami'in hukumar NAMA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama, shi ne ke ba matuƙi hanya da iyakar hawa, da tazarar aƙalla ƙafa 1,000 tsakaninsa da jirgin da ke bisansa. In an samu kuskure, na'urorin gargaɗin karo (TCAS) na jiragen biyu kan daidaita cikin daƙiƙoƙi, a ce wannan ya hau, wancan ya sauko.

A 2002, a samaniyar Uberlingen ta Jamus, wani matuƙi ya bi maganar jami'i ya bar ta na'ura. Jirginsa ya yi karo da wani, mutum 71 suka rasu, akasarinsu yara, abin tausayi. Daga nan aka tsaurara doka, in umarni biyu suka saɓa, na na'urar ake bi.