ABINCIN DARE A JIRGIN RUWA: ZAUREN ALFARMA KO ƊEBI-DA-KANKA?

A wannan mako za mu bar tudu mu shiga teku, domin mu duba wani al'amari wanda a ido ƙarami ne, amma ya shafi addinin mutum da lafiyarsa da mutuncinsa gaba ɗaya, watau inda ya kamata Musulmi ya ci abincin dare idan Allah Ya kai shi cikin irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa.

Shiga jirgin ruwa dai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhazan dauri da suka bi ta ƙasa, a Suwakin ko Fot Sudan suka shiga jirgi suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Haka kuma da yawa daga ma'aikatan da aka tura kos Ingila, jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya kai su, wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 zuwa 1974. To, amma waɗancan jirage hanya ce ta zuwa wani gari. Na yanzu kuwa, jirgin shi ne garin. A shekarar 2024 mutane fiye da miliyan 34 suka yi irin wannan yawo, galibinsu a tekun Karibiyan da Bahar Rum. Jirgin Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Mayami ta Amurka a watan Janairu na 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, ban da ma'aikata fiye da 2,000. Duk wannan taro kuwa sai an ciyar da shi safe da rana da dare, kuma kuɗin abincin yana cikin kuɗin tikiti.

WURI BIYU, AL'ADA BIYU

A kusan kowane jirgi akwai manyan wuraren cin abinci guda biyu waɗanda ba a biyan ƙarin kuɗi. Na farko shi ne babban zauren alfarma. Tsohuwar al'adarsa ita ce a raba fasinjoji kashi biyu, kashin farko su zauna wajen ƙarfe 6 na yamma, na biyu wajen ƙarfe 8 da 'yan mintoci. Kowa da teburinsa da mai yi masa hidima tun daga daren farko har ranar sauka, sau da yawa kuma akan haɗa mutum shida ko takwas waɗanda ba su san juna ba a tebur guda. Akan miƙo takardar jerin abinci, mutum ya zaɓa, a riƙa kawowa bi da bi, daga romo zuwa babban abinci zuwa kayan zaƙi, har a shafe awa ɗaya da rabi ko biyu. A shekarar 2000 kamfanin Norwegian ya sassauta wannan tsari, ya bar kowa ya zo sa'ad da ya ga dama, sauran kamfanoni kuma suka ƙara irin wannan zaɓi a kan tsohon tsarinsu.

Na biyu shi ne zauren da muka kira ɗebi-da-kanka, wanda galibi yake can saman jirgi. A jiragen Royal Caribbean sunansa Windjammer, a Queen Mary 2 kuwa Kings Court. A nan an jera abinci iri-iri cikin manyan tasoshi, mutum ya ɗauki faranti ya bi layi, ya ɗebi abin da ransa ke so, ya nemi wurin zama da kansa. Ba a tsayar maka da lokaci, ba a tambayarka kwat da taye, cikin minti 20 kana iya gamawa ka tashi.

Baturen da ya guje wa zauren alfarma, hujjarsa ba ta wuce gajiya, ko ƙyuyar sa tufafin biki, ko rigimar yara ba. Musulmi kuwa yana da nasa lissafi dabam.

ABIN DA KE JAN MUSULMI SAMA

Abu na farko shi ne salla. A cikin tafiya irin wannan, lokacin faɗuwar rana yakan sauya daga dare zuwa dare, gama jirgi bai tsaya wuri ɗaya ba, wani lokaci ma har agogo akan ja gaba ko baya. Wanda aka rubuta wa zaman ƙarfe 6 yana iya tarar da magariba ta shigo yana tsakiyar abinci, ta kuma fita bai tashi ba. Gaskiya ne shari'a ta yi wa matafiyi rangwamen kasaru, da haɗa salloli biyu bisa sharuɗɗan da malamai suka shimfiɗa, amma wanda ya ci abincinsa a sama ba ya ma bukatar shiga wannan lissafi. Sai ya yi sallarsa a kan kari, sa'an nan ya hau ya ci a natse. Idan tafiyar ta faɗo cikin watan azumi, wannan sauƙi ya fi fitowa fili.

Abu na biyu shi ne giya. A zauren alfarma giyar inabi abokiyar abinci ce, akwai ma wanda aikinsa ke nan, ya zagaya yana tallarta tebur-tebur. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, Allah Ya yarda da shi, ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya. Wanda aka haɗa shi da baƙi a tebur guda ba shi da ikon hana su abin da suka biya kuɗinsu. A sama ma akan ga masu kwalba a hannu, sai dai a can kai ne mai zaɓen wurin zamanka, kana iya jan iyalinka gefe guda.

Abu na uku shi ne ganin ido. Ga kifi, ga shinkafa, ga ƙwai, ga wake, ga ganye da 'ya'yan itace, duk a fili. Sau da yawa kuma akwai sashen abincin Indiya wanda ba nama a ciki, mai yaji daidai bakinmu. Abincin teku kuwa Allah Ya halatta mana shi a aya ta 96 ta Suratul Ma'ida, Imamu Malik ya kuma kawo hadisi cikin Muwaɗɗa mai nuna tsarkin ruwan teku da halaccin abin da ya mutu a ciki. Saboda haka a mazhabarmu kifi da jatan lande da ƙaguwa duk babu laifi, ko da yake Hanafawa kifi kaɗai suka yarda da shi.

INDA GIZO KE SAƘAR

To, amma fa ido yana ganin fuskar abinci ne kawai, bai san abin da aka yi a madafa ba. Turawa sukan barbaɗa soyayyen naman alade a kan ganye, su jefa shi cikin wake ko romo don ƙamshi. Sukan kuma zuba giya cikin miya da kayan zaƙi. Akwai masu cewa wuta tana cinye giyar, alhali kuwa alƙaluman da ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta wallafa sun nuna bayan minti 15 ana dahuwa, kimanin kashi 40 cikin 100 na nan bai ƙone ba. Har wa yau akwai jelatin, abin da ke sa kayan zaƙi su daskare suna rawa, wanda mafi yawansa daga fatar alade da ƙashin dabbobi ake samo shi. 'Yar takardar da aka kafa gaban tasa sunan abincin kawai take faɗi, da ƙyar ta ambaci waɗannan.

Ban da wannan, akwai sha'anin ludayi. A wurin da dubban mutane ke ɗiba da kansu, ba abin mamaki ba ne wani ya ɗauki cokalin tasar alade ya tsoma cikin dankali, ko maiƙon wannan tasa ya ɗiga cikin waccan. A hadisin Abu Sa'alaba, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito, an umurci sahabbai su wanke kwanukan Ma'abuta Littafi kafin su ci a ciki idan ba su sami wasu ba. Farantin jirgi dai wankakke ne, babu damuwa. Ludayin da ke yawo tsakanin tasoshi shi ne abin lura.

A nan zauren alfarma ya yi wa na sama fintinkau. Mai hidimar da ya san ka tun daren farko, sau ɗaya za ka gaya masa ba ka cin alade, ba ka cin abin da giya ta taɓa. Ga masu abinci na musamman, akan kawo musu jerin abincin gobe tun yau, su zaɓa, a dafa musu dabam. Da yawa daga ma'aikatan jiragen nan ma mutanen Indunusiya ne da Indiya, akwai Musulmi a cikinsu waɗanda ba sai an yi musu dogon bayani ba. Wasu kamfanoni kan tanadi naman halal idan an sanar da su tun da wuri, waɗansu sukan nemi kwana 45, waɗansu fiye. Ba a fafe gora ranar tafiya. Game da naman da ba a san yankansa ba kuwa, aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ma'abuta Littafi, amma malaman zamani sun yi saɓani a kan naman mahautan inji na Turai da Amurka. Wanda ya haƙura da kifi na mako guda ya fita daga saɓanin, bai kuwa yi asarar kome ba.

LAFIYA AMANA CE

Cutar da ta fi addabar jiragen nan ita ce ta amai da gudawa wadda ƙwayar norobairos ke kawowa, hannu kuwa shi ne babbar hanyarta. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take da sashen duba tsabtar jiragen da ke shiga tashoshinta, ba tare da sanarwa ba, jirgin da ya sami maki 85 ko ƙasa da haka cikin 100 ya faɗi. Ƙa'idarsu ita ce abincin da aka fitar ba tare da kiyaye zafinsa ko sanyinsa ba, kada ya wuce awa 4. Amma babu hukumar da za ta iya duba hannun kowane fasinja, ga shi kuwa ludayi guda ɗaruruwan hannaye ke kama shi. Bayan annobar korona, wadda ta kama mutane fiye da 700 a jirgin Diamond Princess a Yokohama cikin 2020, an ɗan koma ma'aikata ke zuba wa mutane, daga baya galibin jirage suka koma gidan jiya. A sani kuma man goge hannu mai sifirit ba ya kashe wannan ƙwaya sosai. Ruwa da sabulu na daƙiƙa 20 shi ne magani. Mai alwala sau biyar, wanda ya saba wanke hannu kafin ci da bayansa, ladabin da ya taso da shi ne zai kare shi.

KWAƊAYI MABUƊIN WAHALA

Babbar jarrabawar ɗebi-da-kanka ba a cikin tasa take ba, a zuci take. Mutum ya ga ya riga ya biya, sai ya ce bari ya fanshe kuɗinsa, ya tula faranti kamar dala, ya ci kashi ɗaya ya bar biyu. Abin da aka bari kuwa ba ya komawa tukunya. Dokar teku ta MARPOL ta yarda a niƙe ragowar abinci a zubar cikin ruwa idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, mil 3 a sauran wurare, mil 12 a irin su Bahar Rum da Karibiyan. Ashe ke nan shinkafar da wani magidanci ke nema ido rufe, kifi ake zuba wa. Aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta ci da sha, ta kuma hana ɓarna a wuri guda. Ɗalibin da ya karanta babin abinci cikin Risala ya san ladabin raba ciki uku, tsakanin abinci da ruwa da numfashi, da ci da hannun dama, da ambaton Allah farko da ƙarshe. Ɗan kasuwan da ba ya yarda ƙwayar hatsi ta zube a rumfarsa, bai kamata ya zama almubazzari don kawai ba mai kallonsa ba. A ɗebi kaɗan, in bai isa ba a ƙaro da sabon faranti, ba wanda zai hana.

SHAWARARMU

Wanda ke da zaɓi, akwai jiragen da suka ɗauke masa rabin wahala. A watan Disamba na 2024 jirgin Aroya na Saudiyya ya fara aiki daga Jidda, babu giya, babu caca, ga wuraren salla. Wanda kuwa ya shiga jirgin Turawa, muna ganin ya rubuta musu bukatarsa tun ranar sayen tikiti. Ranar shiga ya nemi shugaban masu hidima, ya roƙi tebur nasa shi da iyalinsa kaɗai, a lokacin da bai ci karo da magariba ba. Idan ya samu, zauren alfarma ya fi masa kwanciyar rai game da abin da ke shiga cikinsa. Daren biki ma bai zama dalilin gudu ba, gama kamfani irin su Cunard yana karɓar tufafin alfarma na ƙasar mutum, babbar riga da hula kuwa ba sa jin kunyar kowace kwat.

Idan bai samu ba, ko azumi ko yara suka tilasta, ya hau sama ba tare da jin ya rage kome ba. Sai dai ya je da wuri sa'ad da aka fito da tasoshi sababbi, ya wanke hannu, ya tsaya ga kifi da ƙwai da hatsi da ganye, ya nemi kukun da ke tsaye ya gasa masa nasa a kasko mai tsabta, abin da ya shige masa duhu kuma ya tambaya, tun da matambayi ba ya ɓata. Kada kuma ya manta da ma'aikatan da ke kwashe faranti, waɗanda ke watanni ba su ga iyalinsu ba. Fara'a da godiya gare su sadaka ce, ta nan kuma baƙo yake gane halin Musulmi.

Allah Ya ciyar da mu halal a tudu da teku, Ya kai matafiya lafiya, Ya komo da su lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya so. Wassalamu alaikum.