Ƙirƙira a Matsayin Doguwar Tafiya: Darasi Daga Tarihin Fitilar Ba da Hannu

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tayar da zancen wata na'ura da ta sauya rayuwar jama'a, tambayar da ta fi saurin zuwa baki ita ce: wa ya ƙirƙiro ta? Tambayar tana ɗauke da zaton cewa akwai mutum guda da rana guda da za a iya jingina wa abin. Tarihin fitilar ba da hannu, wadda aka fi sani da danja, ya nuna raunin wannan zato. An shafe fiye da shekara 150 ana gina tsarin sarrafa zirga-zirgar ababen hawa a birane, kuma kowace mafita da aka samu ita ce ta haifar da matsalar da masu zuwa a baya suka tarar. Wannan muƙala ta bi sawun matakan da aka taka, domin fito da yadda sabon abu ke tashi daga tunani har ya zama jiki a wurin al'umma.

Ƙago abu da ƙirƙira

Masanin tattalin arzikin nan haifaffen daular Ostiriya, Joseph Schumpeter, ya bambance tsakanin ƙago sabon abu da shigar da shi cikin harkokin yau da kullum. A ganinsa, abin da aka ƙago bai da tasiri ga tattalin arziki muddin ba a sa shi aiki ba. A Hausa, kalmar ƙirƙira takan ɗauki ma'anonin biyu, ita kuwa bidi'a ta fi karkata ga fagen addini. Saboda haka a nan za a yi amfani da ƙago wajen nufin samar da na'urar farko, ƙirƙira kuma wajen nufin dukkan tafiyar.

Wasu masanan sun faɗaɗa batun. A shekarar 1962 Everett Rogers ya bayyana yadda sabon abu ke yaɗuwa a hankali, daga tsirarun masu ƙarfin halin gwadawa zuwa ga akasarin jama'a. A 1986 kuma Stephen Kline da Nathan Rosenberg suka soki ra'ayin da ke cewa ƙirƙira miƙaƙƙiyar hanya ce daga ɗakin bincike zuwa kasuwa. Suka ce ta fi kama da sarƙa mai yawan komawa baya, inda abin da aka gani wurin amfani yake tilasta a sake zane. Tarihin danja ya fi dacewa da wannan bayani na biyu.

Matakin farko: aro da faɗuwa

A watan Disamba na 1868 aka kafa alamar ba da hannu ta farko a birnin Landan, kusa da ginin majalisar dokoki. A lokacin babu mota, kekunan doki ne ke hana masu tafiya a ƙasa tsallaka titi. Wanda ya zana ta, John Peake Knight, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma daga can ya aro dabarar: hannuwan da ake ɗagawa da saukewa da rana, da fitilar iskar gas mai ja da kore da dare. Ɗan sanda ne ke tsaye yana juya ta. Ba ta cika wata guda ba gas ɗin ya yi yoyo ta fashe, ta raunata ɗan sandan da ke kula da ita. Daga nan aka jingine batun na tsawon shekaru kusan 40.

Abu biyu ne suka fito a wannan mataki. Na farko, sabon tunani yakan zo ne ta hanyar aro daga wani fage da ya riga ya warware matsala makamanciya. Na biyu, tunanin Knight daidai ne, abin da ya gaza shi ne makamashin da ya dogara da shi. Sai da wutar lantarki ta wadata a tituna sannan aka iya komawa kan maganar.

Mataki na biyu: masu ƙago da yawa

Bayan fitowar motar Ford samfurin T a 1908, motoci suka cika biranen Amurka, haɗurra suka yawaita a mahaɗun tituna. Cikin shekaru kaɗan mutane daban-daban, a garuruwa daban-daban, suka fito da mafita masu kama da juna. A 1912 wani ɗan sanda mai suna Lester Wire ya haɗa fitilar lantarki mai ja da kore a Salt Lake City. A watan Agusta na 1914 aka kafa wata a birnin Cleveland. A 1920 William Potts, shi ma ɗan sanda ne a Detroit, ya ƙara launi na uku, wato ruwan ɗorawa. A 1923 Garrett Morgan ya samu rajistar mallakar wata alama mai matsayi uku, wadda ke iya tsayar da kowane ɓangare kafin a saki wani.

Launi na uku amsa ce ga matsalar da launi biyu suka haifar. Idan kore ya koma ja nan take, direban da ya riga ya kusa shiga mahaɗa ba ya iya tsayawa, ga shi kuma an saki na ɗaya ɓangaren. Amfani da fitilar a titi ne ya tona wannan giɓi. Wannan ne kuma dalilin da ya sa littattafai suke saɓani kan wanda ya ƙago danja: kowane ɗaya daga cikin waɗannan mutane ya sa tubali ne a ginin da ba shi ya fara ba.

Mataki na uku: doka da yardar jama'a

Fitila ba ta da ikon tsayar da mota, direba ne yake tsayawa saboda ya yarda da ma'anar launin, ko yana tsoron hukunci. A farkon lamari kowane gari yana da irin tasa alamar, baƙon direba kuwa sai ya rikice. Amurka ta fitar da kundin daidaita alamomin hanya na ƙasa baki ɗaya a 1935, sannan a 1968 aka ƙulla yarjejeniyar Biyana kan alamomin hanya tsakanin ƙasashe. Wannan aiki na majalisu da kotuna da makarantun koyon tuƙi ba ya cikin abin da ake kira fasaha, amma ba don shi ba da fitilar ta zama ado kawai a bakin titi.

Mataki na huɗu: daga hannu zuwa agogo

Fitilun farko duk mutum ne ke kunna su. Da aka sa musu agogon da ke sauya launi da kansa, sai aka huta da tsayar da ɗan sanda a kowace mahaɗa, amma wata matsalar ta ɓullo: direba ya bar wannan danja ya tarar da ja a ta gaba. Mafita ita ce a haɗa fitilun su riƙa aiki tare. An gwada haka da mahaɗa 6 a Salt Lake City a 1917, sannan a Houston a 1922 aka haɗa 12 masu sarrafa kansu.

Tun daga lokacin, ma'auni uku ne injiniyoyi ke juyawa. Na farko shi ne zagaye, wato tsawon lokacin da fitila ke ɗauka kafin ta ba kowane ɓangare hannu ta dawo farko, misali sakan 90. Na biyu shi ne kaso, wato rabon da kowane ɓangare ke samu daga wannan lokaci. Na uku shi ne tazara tsakanin kunnuwar kore a wata mahaɗa da kunnuwarsa a ta gaba. Idan mita 500 ce tsakanin mahaɗa biyu, motoci kuma suna gudun kilomita 50 a awa, za su isa cikin sakan 36. In aka jinkirta koren mahaɗa ta biyu da sakan 36, ayarin motocin zai wuce ba tare da tsayawa ba. A 1958 F. V. Webster na cibiyar binciken hanyoyi ta Birtaniya ya fitar da lissafin da ke nuna tsawon zagayen da ya fi rage jira.

Mataki na biyar: fitilar da ke jin titi

Agogo bai san ko akwai mota ko babu ba, yakan tsayar da mutum da tsakar dare a titin da babu kowa. Don haka aka shiga neman hanyar da fitila za ta ji isowar abin hawa. A 1928 Charles Adler ya kafa wata a Baltimore wadda ke sauyawa idan direba ya danna oda. Daga baya aka koma ga faifan da taya ke takawa, sannan aka zo ga zoben waya da ake binnewa cikin kwalta, wanda ke gane ƙarfen mota idan ta hau kansa.

A 1963 birnin Toronto na Kanada ya fara amfani da kwamfuta wajen sarrafa fitilunsa daga cibiya guda. A ƙarshen shekarun 1960 Dennis Robertson ya samar da manhajar TRANSYT a Birtaniya, wadda ke lissafa jadawalin fitilun unguwa guda daga ƙidayar motocin da aka yi tun da farko. Rauninta shi ne jadawalin yana tsufa yayin da gari ke sauyawa, sake ƙidaya kuma yana cin kuɗi.

A nan ne aka ga komawa bayan da Kline da Rosenberg suka yi magana a kai. Gwaje-gwajen da aka yi a Glasgow sun nuna cewa tsare-tsaren farko masu sauya lokaci nan take ba su kai kyakkyawan jadawali tsayayye ba, domin manyan sauye-sauye na wargaza ayarin motoci. Daga wannan darasi aka gina tsarin SCOOT, wanda ke gyara zagaye da kaso da tazara da 'yan sakanni kaɗan, amma a kai a kai. A birnin Sidni na Ostareliya ma an samar da SCATS a shekarun 1970, kuma duka biyun sun yaɗu zuwa birane masu yawa a duniya. Los Angeles ta fara nata tsarin ne don wasannin Olamfik na 1984, ba ta kammala haɗa dukkan fitilunta fiye da 4,000 ba sai 2013. A 2012 kuma masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon suka gwada tsarin Surtrac a mahaɗa 9 a Pittsburgh, inda kowace mahaɗa ke tsara lokacinta ta sanar da maƙwabtanta abin da ke tafe.

Abin da tafiyar ta koyar

Idan aka dubi matakan gaba ɗaya, za a ga cewa abin da ake ta ƙaurar da shi shi ne yanke hukunci: daga hannun ɗan sanda zuwa agogo, daga agogo zuwa na'urar jin mota, daga nan zuwa kwamfuta. Kowace ƙaura ta jira wani abu daga wajen fagen, kamar lantarki ko doka ko ilimin lissafi. Masu amfani da abin, musamman 'yan sanda, suna cikin waɗanda suka fi ba da gudummawa, domin su ke ganin matsalar ido da ido.

Haka kuma akwai iyaka. Fitila tana raba lokaci ne kawai, ba ta ƙara faɗin titi, saboda haka idan motoci suka fi ƙarfin hanya, babu lissafin da zai hana cunkoso. Tsarin da ya dogara da zoben waya yana lalacewa idan aka haƙa titi ba a gyara ba. An kuma zana shi ne bisa zaton motoci na bin layi ɗaya bayan ɗaya, zaton da ba ya tsayawa a birane irin su Kano, inda babura da a-daidaita-sahu ke cuɗanya da manyan motoci. Garin da ya sayi na'urar bai tanadi wuta da masu gyara da masu tilasta bin doka ba, ya sayi ƙarshen tafiyar ne ya bar farkonta. Shigo da fasaha wani sabon mataki ne na ƙirƙira, mai buƙatar nasa gwajin da nasa gyaran.

Kammalawa

Harshen Hausa ya adana wani yanki na wannan tarihi. Sunan fitilar ba da hannu yana tuna lokacin da hannun mutum ne ke sakin motoci, ita kuwa danja an aro ta ne daga kalmar Ingilishi mai nufin haɗari, ta tashi daga jan launi ta zama sunan na'urar duka. Wannan ya nuna cewa sanya wa abu suna yana cikin matakan karɓarsa. Ga mai nazarin harshe da al'ada, bibiyar irin waɗannan kalmomi hanya ce ta gano lokacin da baƙon abu ya zama ɗan gida, da kuma fuskar da jama'a suka fara saninsa da ita.