Arahar Ranar Saye, Tsadar Shekara Goma

A watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe ke kan ganiyarsa, da zarar an ɗauke wuta sai ƙugin janareto ya cika GRA, daga ofisoshi har gidajen manyan ma'aikata. Galibin wutar nan na'urorin sanyaya ɗaki ne ke zuƙe ta. To, tun ranar da wani jami'i ya zauna ya rubuta irin na'urar da za a sayo aka yanke yawan man dizal da za a ƙona, da hayaƙin da maƙwabta za su shaƙa na tsawon shekaru.

Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta ce a ba da kwangila ga wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Mutane kan riƙe zancen farashi su manta da na sharuɗɗa, alhali nan ne gizo ke saƙar. Idan takardar neman 'yan kwangila ta ce “na'urar sanyi guda hamsin” kawai, mai kawo mafi shan wuta shi zai ci, kuma bai karya doka ba. Idan kuwa ta faɗi iyakar wutar da na'urar za ta ja, da shekarun garanti, da wanda zai kwashe ta in ta mutu, sai gasar ta koma tsakanin kaya masu nagarta. Araha dai ba ta ado. Kuɗin kaya na gaskiya shi ne na saye, da na mai, da na gyara, da na zubarwa, a haɗe. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, ko mai shago ya iya wannan lissafin.

A Gombe maganar ta wuce kayan ofis. Gari ne da ke cikin kwari, ƙasarsa rairayi, zaizaya na cin unguwanni duk damina. Titin da aka shimfiɗa aka bar bakin magudanarsa a fili, ruwansa zai je ya tsaga kwazazzabo a bayan gidajen wasu, sannan a dawo neman rancen Bankin Duniya, irin na shirin NEWMAP, don cike shi. Inda ruwa zai ƙare ya kamata ya shiga takardar kwangila tun farko.

Haka batun itatuwa. Shirin 3G da Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar a 2019 ya sa burin dasa bishiya miliyan huɗu cikin shekara huɗu. A ganina, kowace kwangilar dashe a riƙa biya bisa adadin da suka tsallake rani da bakin awaki. Ƙirga dashe ranar biki abu ne mai sauƙi.

Fitilun titi masu aiki da hasken rana kuwa sun raba mu da dizal, amma kada a ruɗu. Batirinsu na da wa'adi, kuma akwai guba a cikinsa. In ba a ɗaure ɗan kwangila da sharaɗin karɓar tsohon batir ba, a hannun 'yan gwangwan zai ƙare, yara su fasa shi da guduma a bakin kwata.