Yadda wayar intanet ke zaɓar kodek ɗin murya

Wayar intanet ba ta aika murya ɗanyarta. Sai ta mayar da ita lambobi, ta matse su, ta tura su guntu-guntu, wayar da ke ɗaya ɓangaren ta warware. Manhajar da ke wannan aiki ita ce kodek.

Mafi daɗewa shi ne G.711, na shekarar 1972. Muryarsa garau take, amma yana cin kilobit 64 kowace daƙiƙa. Iri biyu ne: A-law a Turai da Afirka, µ-law a Amurka da Japan. G.729 kuwa kilobit 8 ya ishe shi, sai dai muryar kan ɗan shaƙe. Opus, wanda aka tabbatar a 2012, shi ne mai wayo: yana rage cinsa idan layi ya yi rauni, ya ƙara idan ya gyaru.

Wayoyin tebur irin su Yealink da Grandstream suna da shafin saiti inda ake jera kodek bisa fifiko. Da an buga kira, wayoyin biyu kan gwada jerinsu, su ɗauki wanda suka yi tarayya a kai. In babu ko ɗaya, kiran ba zai haɗu ba.

Ofis a Dutse mai intanet mai ƙarfi zai iya sa G.711 a sama. Shago a Kiyawa da ke dogara da datar waya, musamman ranar kasuwar Shuwarin da layi kan cunkushe, gara ya fifita Opus ko G.729, ya bar G.711 a ƙasan jeri.