Kakar da Aka Rufe Ƙofar Sama: Ƙaramar Gasar Hokin Ƙanƙara a 2004-2005

Hokin ƙanƙara wasa ne na ƙasashen sanyi, musamman Kanada da arewacin Amurka da wasu ƙasashen Turai. Ana yin sa a kan daskararren ruwa, a fili mai tsawon kimanin mita 61 da faɗin mita 26. Kowane ɓangare yana da mutum shida, har da mai tsaron gida. Ƴan wasa suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, suna zamiya a kansu, kowa riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki. Ba ƙwallo suke bugawa ba, wani ɗan faifai ne na baƙar roba mai tauri, wanda faɗinsa bai kai santimita 8 ba. Wasan kashi uku ne, kowane kashi minti 20.

Babbar gasar wannan wasa ita ce NHL. A ƙarƙashinta akwai AHL, wadda aka kafa a 1936, ita ce ake kira ƙaramar gasa. Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai ɗauka ƙungiyar da ta yi na ɗaya a ƙaramar gasa za ta hau babba. Ba haka ba ne. Ƙungiya ba ta hawa, ba ta sauka. Ɗan wasa ne yake hawa ko ya sauka. Kowace ƙungiyar AHL tana da uwa a NHL, kuma uwar ce take ɗaukar yawancin ƴan wasan, ta biya su, ta ajiye su a ƙasa su goge. Ranar da wani ya ji rauni a sama, sai a buga waya, gwanin ƙaramar ƙungiya ya tattara kayansa ya tafi, ko da gobe akwai wasa mai muhimmanci. Saboda haka mai horarwa a AHL kamar mai kiwon dabbobin wani yake: in sun yi ƙiba, mai su ya zo ya kora. Ƴan kallo ma sun san haka. Suna son yaronsu ya yi fice, amma ficen nan shi ne zai raba su da shi.

Rayuwar kuma ba ta jin daɗi ba ce. Mafi yawan tafiye-tafiye a bas ake yi, cikin hunturu, wani lokaci wasa uku a dare uku, daga Juma'a zuwa Lahadi. Ɗan wasa mai kwantaragi mai fuska biyu, albashinsa a ƙasa ɗan kaɗan ne in an gwada da wanda zai samu a sama.

A kakar 2004-2005 wannan tsari ya tsaya cak. Ran 16 ga Satumba 2004 masu ƙungiyoyin NHL suka rufe wa ƴan wasansu ƙofa. A lura, wannan ba yajin aiki ba ne. A yajin aiki ma'aikata ne suke ƙin aiki. A nan kuwa masu gida ne suka hana ma'aikata shiga. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗi: masu ƙungiyoyi suna so a ƙayyade iyakar abin da kowace ƙungiya za ta kashe kan albashi, ƴan wasa suka ƙi. Ran 16 ga Fabrairu 2005 shugaban gasar, Gary Bettman, ya soke kakar baki ɗaya, wasanni 1,230. Rabon da a shekara ba a ba da Kofin Stanley ba tun 1919.

Manyan taurari da yawa suka tafi Turai. Samarin da ba su daɗe da shiga NHL ba kuwa aka mai da su AHL, wadda a lokacin take da ƙungiyoyi 28, kowace da wasa 80. Ga shi babu wanda zai kira su sama. Karo guda dai masu horarwa suka riƙe mutanensu daga Oktoba har ƙarshe. Jason Spezza, wanda ya riga ya yi wasa a Otawa, ya koma Binghamton Senators ya tara maki 117: ya ci 32 da kansa, ya ba da 85 aka ci. (A hoki, ci da taimakon ci kowane maki ɗaya ne ga ɗan wasa.) Shi aka zaɓa gwarzon shekara. Eric Staal ya yi wasa a Lowell, mai tsaron gida Ryan Miller kuma a Rochester, wadda ta fi kowa maki a kakar.

Akwai waɗanda abin bai yi wa daɗi ba, kuma ba a cika ambatonsu ba. Gurabe a ƙungiya ƙayyadaddu ne. Duk saurayin da ya sauko daga sama, wani ya ture, wanda aka ture kuma ya gangara ECHL, gasar da ke ƙasa da AHL, shi ma ya ture wani. Na can ƙasa, wanda ba shi da hannu a rigimar miliyoyin daloli, shi ya rasa abincinsa.

AHL ta kuma zama wurin gwajin sababbin dokoki. Mafi shahara ita ce bugun daga kai sai mai tsaron gida: in an tashi kunnen doki har bayan ƙarin lokaci, kowane ɓangare ya fitar da mutum biyar, ɗaya bayan ɗaya, su tunkari raga. Aka kuma shata wa mai tsaron gida iyakar wurin da zai taɓa faifai a bayan ragarsa. Da NHL ta dawo a 2005 ta ɗauki dokokin biyu, sai dai ta rage masu bugun zuwa uku.

Kofin gasar sunansa Kofin Calder, don tunawa da Frank Calder, shugaban NHL na farko. Ba Binghamton ce ta ɗauke shi ba, duk da makin Spezza, domin tun zagayen farko aka fitar da ita. Rochester ma ba ta kai wasan ƙarshe ba. Philadelphia Phantoms ce ta ɗauka, ƙarƙashin mai horarwa John Stevens. Tun farkon kaka ta ci wasa 17 a jere, abin da ba a taɓa yi ba a gasar kafin lokacin. Daga baya kuma ta sami ƙarin samari biyu ƴan shekara 20, Jeff Carter da Mike Richards, waɗanda suka gama kakarsu a gasar matasa ta Kanada. Carter, da zuwansa, ya fi kowa maki a wasannin kofin. A zagayen ƙarshe, inda ake neman wanda zai fara cin wasa huɗu, Phantoms ta doke Chicago Wolves sau huɗu a jere. An yi na huɗun ran 10 ga Yuni 2005 a Filadelfiya, aka tashi 5 da 2, gaban mutum 20,103, a babban filin uwarta Flyers wanda rigima ta bar shi ba mai gida. Mai tsaron gidanta, Antero Niittymäki ɗan ƙasar Finlan, shi ya karɓi kyautar gwarzon wasannin kofi.

A watan Yuli 2005 aka sasanta, ƴan wasa suka yarda da iyakar dala miliyan 39 ga kowace ƙungiya. Ƙofar sama ta buɗe, samari suka haye. Staal ya ɗauki Kofin Stanley da Carolina a 2006. Carter da Richards da Niittymäki suka koma Flyers, daga baya Stevens ma ya bi su ya zama mai horar da ita. Carter da Richards sun ɗauki Kofin Stanley a Los Anjalas a 2012 da 2014.

Garuruwa ma ba su da tabbas a wannan gasa. Garin St. John's, a tsibirin Newfoundland na Kanada, ya riƙe ƙungiyarsa shekara 14, amma da ƙarewar wannan kaka uwarta ta ɗauke ta zuwa Toronto don ta kusance ta. Ita kanta Phantoms ta bar Filadelfiya a 2009, ta zauna Glens Falls a jihar Niyok, sannan a 2014 ta koma Allentown, inda take wasa da sunan Lehigh Valley Phantoms.