Tsohuwar Fijo: Kayan Tarihi Ko Kayan Gwangwan?

A shirinmu na musamman na yau za mu duba yadda matsin tattalin arziki ke juya farashin tsofaffin motoci, tun daga gidajen gwanjo na Turai har zuwa Yankara, kan hanyar Funtua zuwa Gusau.

A Turai da Amurka, tsohuwar mota kadara ce. Attajiri kan saye ta ya kulle a gareji, ya jira ta yi daraja. Bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988, farashin motocin kamfaninsa ya yi tashin gwauron zabo, har mutane suka riƙa cin bashin banki suna saye. Daga 1990, da kuɗin ruwa ya hau, kasuwar Japan kuma ta karye, sai kowa ya fito da tasa lokaci guda, masu saye suka janye. Da yawa ba su mayar da ko rabin kuɗinsu ba. Wadda ba ta da na biyu ce kawai ke tsallake irin wannan guguwa: a 2022 an sayar da wata Marsandi ƙirar 1955, wadda guda 2 kacal aka ƙera, a kan Yuro miliyan 135.

A nan gida labarin ya sha bamban. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, Fijo 504 kuma ta zama motar gwamna da malamin makaranta. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, aka koma ga 'yar Kwatano. A 2023 aka cire tallafin fetur, Dala ta tashi daga kusan Naira 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, sai 'yar Kwatanon ma ta gagara.

Shi ya sa a Yankara da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, tsohuwar mota mai numfashi ƙara tsada take yi. Dubi a-kori-kurar nan da ke kwasar buhunan masara ranar kasuwa: ƙofa ɗaure da igiya, yaron mota na riƙe da jarka yana shayar da lagireto. Mai ita ba zai saki ba, domin ya san kuɗinta ba za su sayo masa wata ba. Aikinta ake saye, ba tarihinta ba.

Abin takaicin yana ga wadda aka jingine. Fijon Alhaji da ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, yau shan mai da take yi ya sa an kafe ta a ƙofar gida. Idan yunwa ta matsa, 'yan gwangwan za su zo da sikeli su saye ta kilo-kilo, a narke.

Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta a 1976 tana nan a gidan tarihi na Legas. Me zai hana gwamnatin Katsina da masu hali su sayi wasu daga cikin motocin da hannun 'ya'yanmu ya haɗa a Kaduna, a gyara, a adana? Kai kuma mai tsohuwar Fijo, kafin ka kira mai sikeli, nemi bakanike ya faɗa maka darajarta.

Mu kwana nan, masu sauraro. Allah ya yassare mana, ya zaunar da yankinmu lafiya.